Ranar da Na So Ammu Ya Zaro Bindiga

Shekarun baya, ina shekarata ta biyu da zuwa karatu Alƙahira, ni da wasu abokan karatu muna haya a wani bene a unguwar Hayyin Ashir. Mai gidan wani dattijo ne Bamisire, yana hawa na ɗaya, mu muna na huɗu. Ammu muke ce masa, kamar yadda ake kiran manya a nan, shi kuma kowa a cikinmu "ya ibni" ne, wato ɗana. Yana da gonar mangwaro can wajen Isma'iliyya. Ni kuwa da bakina da ba ya gajiya, wata rana ya aiko mana da mangwaro, na sha uku a zaune, sannan na sauka na ce masa ai na ƙasarmu ya fi zaƙi.

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ranar Asabar ka shirya. A gindin bishiyar za ka maimaita wannan magana."

Jama'a, murna kamar in tashi sama. Tun da na zo ƙasar, daga gida sai makaranta, sai Abbasiya wajen abokai. Ƙarfe bakwai ya ce, ni tun shida da rabi ina jingine da motarsa.

Da ya fito ya shiga, kafin ya ja bel sai ya ɗaga gefen jaket ɗinsa, ya gyara wani kuben fata da ke ɗamare a ƙugunsa, ya turo shi gaba kaɗan don kada bel ya danne shi. Na ƙura ido. Ƙaramar bindiga ce, baƙa wuluk, a kwance cikin kuben.

"Ammu! Ta gaske ce?"

"A'a, ta cakulan ce. Ja bel ɗinka, yalla, mu tafi."

Ban taɓa zama kusa da bindiga haka ba, ban da ta 'yan sanda da nake hangowa daga nesa. Tambayoyi suka riƙa zubo min. Ya ce ya daɗe da ita, hukuma ce ta ba shi lasisi saboda gonar tana wuri mai nisa da mutane, kuma lokaci-lokaci yake zuwa a sabunta masa. Na ce me ya sa bai ajiye ta a akwatin gaban mota ba, ya huta da tokarar ciki? Ya ce, "Waye a zaune gaban akwatin? Kai. Sunanka ne a lasisin? Tana jikina, inda hannuna kaɗai zai kai." Na ce to in ɗan taɓa mana, ko da yatsa ɗaya. Ya ce ko da ido ma na kalla ya isa haka.

Duk da haka sai na ji na zama wani babban mutum. Na ɗora gwiwar hannu a taga, ina kallon motocin da muke wucewa ina cewa a raina, ku dai ba ku san da wa kuke tafiya ba.

Girman nan bai daɗe ba. Muna fita gari muka tarar da kamin, shingen binciken 'yan sanda. Baƙo, ɗalibi, a mota da bindiga! Na fara lissafin yadda zan yi wa mahaifiyata bayani in aka sa ni a jirgi aka mayar da ni gida. Ammu ya sauke gilashi, ya ɗora hannuwansa biyu a kan sitiyari, tun kafin jami'in ya buɗe baki ya gaishe shi da Larabci ya ce, "Sabahal khair, ya basha. Ina ɗauke da bindiga mai lasisi a ƙuguna na dama. Takardun suna aljihun rigata na hagu, in ciro?" Jami'in ya ce ya ciro. Ya duba, ya sa aka gwada lambar da ke jikin bindigar da ta takarda, ya miƙo masa. Ni ya nemi iƙamata, wato takardar izinin zama, na miƙa. Ya kalli hoton, ya kalle ni, ya ce a hoto na fi ƙiba, ko ba a ba ni abinci ne a Masar? Suka yi dariya su biyu, aka ɗaga mana hannu. Sai a lokacin na lura da dabarar: takardu a hagu, bindiga a dama, don kada hannunsa ya nufi inda zai tsorata wani.

Gonar kuwa sai wanda ya gani. Na sha mangwaro har rigata ta sauya launi, na janye maganata a gaban ma'aikatansa, ya sa na maimaita sau biyu. Bayan Azahar muka juyo.

Muna hawa Da'iri, babban titin da ya kewaye gari, wajen La'asar, cunkoso ya fara. Wata mikrobas, ƙaramar bas ta haya, ta kutso daga dama ba sigina ba komai, ta goge mu, madubin gefena ya karye yana reto. Kowa ya ga mai laifi. Amma direban ya sha gabanmu ya taka birki, ya diro da ƙarfen kwance taya a hannu. Ƙato ne, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi. Ya daki bonet da tafin hannu, ya zagayo tagar Ammu yana zagi, har da ambaton mahaifiyarsa.

Kada in ɓoye muku, daɗi na ji. Zuciyata tana bugu, amma ba don tsoro ba. Na ce yau zan ga abin da ake gani a fim. Na matso na raɗa masa, "Ammu, ɗaga jaket ɗin kawai. Ya gani, wallahi da gudu zai koma."

Bai ko kalle ni ba. "Yi shiru," ya ce.

Sai ya jawo jaket ɗin ya rufe kuben ruf, ya ɓalla maɓalli, ya mayar da hannuwansa kan sitiyari. Ya sauke gilashi kamar faɗin yatsu huɗu, ya ce da murya a kwance, "Haƙƙak alayya, ya ibni. Ma'alish. Laifina ne, ka yi haƙuri."

Direban ya ɗaga ƙarfen, ya tsaya da shi a sama. Ya zo neman faɗa bai samu inda zai kama ba. Ya ƙara zagi biyu, Ammu ya ƙara ba shi haƙuri. Kafin nan fasinjojinsa sun sauko, wani mai jallabiya ya riƙe masa hannu yana cewa, "Yi salati ga Annabi, khalas, ya isa haka, sa'an babanka ne." Suka ja shi. Ya tofa yawu a ƙasa, ya shiga motarsa ya tafi.

Ni haushi ya cika ni. Na ce, "Haba Ammu! Shi ya buge mu, shi ya zage ka, kuma kai ka ba da haƙuri? To amfanin me take yi?"

Ya sami wuri ya faka a gefe. A nan na ga fuskarsa ta yi ja. Ya sha ruwa, sannan ya ce, "Kana tsammanin zagin bai shige ni ba? In na nuna masa ita, ɗayan biyu ne: ko ya ja baya, ko ya kawo min ƙarfen. In ya kawo, sai na harba. Ka ga matar da ke kujerar gaban motarsa da jariri? Ka ga kanka a gefena? A kan madubi?" Ya goge fuska da hankici. "Mai ɗauke da wannan ba shi da izinin yin fushi a titi. Da zai fasa gilashin ya nemi raina, wannan wata magana ce. Zagi kuwa, zan iya kai shi gida."

Muka ɗaure madubin da leda muka ƙarasa. Har muka iso ban ƙara ɗora hannu a taga ba.

Yau ina da 'yar motata a garin nan, ba ni da bindiga, ban kuma taɓa neman lasisinta ba, don ranar na gane ko wane ne ni. Mu biyu ne a motar Ammu, ɗaya yana da bindiga, ɗaya yana son a zaro ta. Har gobe in na tuna, godiya nake wa Allah da ya sa ba a ƙuguna take ba.