Injin ɓarar gyaɗar da Nura bai gama ba

Shekara shida ke nan da muka kai ƙanena Nura makwancinsa. Ciwon ƙoda ne, ko wata uku bai yi a kwance ba. Har yau idan na bi ta unguwar Kinkinau kawar da kai nake yi daga shagon da yake koyarwa, ko da yake yanzu shinkafa ake sayarwa a ciki.

Zanen inji a kwamfuta yake koya wa mutane. Ni kuwa mai walda ne, kuma mai taurin kai, ban musa ba. Alli da ido su ne kayan aikina. Ya sha ce mini, "Yaya, ka zo ko awa ɗaya ce a mako." Ni da na goya shi, in zauna a benci cikin 'yan makaranta yana gyara mini hannu? Na ce masa kwamfutar da ba ta taɓa ƙona yatsa ba me ta sani a kan ƙarfe. Dariya kawai ya yi.

Ashe injin ɓarar gyaɗa yake zanawa, yana so mu ƙera tare. Sai bayan sadakar bakwai matarsa ta miƙo mini kwamfutar, ta ce ya bar wasiyya in ƙarasa. Ko kunna ta ban iya ba, kunya kuma ta hana ni tambaya. Shekara biyar tana kan durowa, kullum ina wuce ta.

Da yana nan yau da ya samu abin tsokana. Masu kawo aiki yanzu zane suke turowa a waya, da yawa ma ɗalibansa ne suka zana, ni kuma na sha yawon neman mai karanta mini.

Bara na haƙura na je wurin Malama Hafsatu, ɗalibarsa da ke koyarwa a Unguwar Shanu. Sai da na yi wata huɗu a benci kafin na buɗe aikin da hannuna. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Baba, Malam bai taɓa barin mu auna da inci ba, sai milimita. Wannan kuwa duk da inci ya yi." A duk layinmu na masu walda ni kaɗai na rage ina awo da inci.

Wuri ɗaya ne babu awo, tazarar da ke tsakanin ganga da rariya, inda gyaɗa ke fashewa ko ta fita lafiya. A nan ya rubuta, "A tambayi Yaya." A gaban sa'o'in 'ya'yana na fashe da kuka.

Ɗalibansa suna cin abinci da abin da ya koya musu, wannan ladan ba zai yanke ba in Allah ya yarda. Injin ma na ƙera shi, yana aiki a Rigasa. Abin da ba ya barin zuciyata shi ne na san amsar tun yana da rai. Rabin inci ne da ɗan ɗoriya, Nura. Allah ya jiƙanka, ya yafe mini.