Tiyon da Na Binne a Gindin Mangwaro

Karatuna a lakwal bai wuce aji biyu ba, amma satar ruwa na yi mata sauka. A Dapaong na koye ta, a lambunan ƙasan baraji, wato babbar madatsar ruwa, wajen yayan matata. Da na dawo Sokodé na kama noman albasa a bakin rafinmu, da ilimina na taho.

Kowane mai lambu ya tare rafin da buhunan yashi. Mutanen ƙasan rafin suka daina ganin ruwa da rani, sai kududdufai masu wari, kifi ko na rantsuwa babu. Aka yi zama, aka ce kowa ya kwashe buhunansa da hannunsa, don mu ba ma taɓa madatsar wani. Wanda aka kama da ha'inci bayan nan, ya bar lambunsa.

Ni na riga kowa kwashewa, har ina yi wa wasu faɗa. Abin da ban faɗa ba, akwai tiyo da na binne, daga cikin rafi zuwa wani rami bayan mangwarona.

Ranar dubawa sai ga yayan matata ya sauka. Nasu rafin a gaban idonsa ya ƙafe, ya tuba tuntuni, shi ya sa sarkin lambu ya roƙe shi ya taya su duba lambunan. A kowane lambu sai ya watsa ƙaiƙayin shinkafa a ruwa, a tsaya a ga inda zai bi. Ina ta zuba surutu don kada a gane ni.

Aka iso nawa. Ƙaiƙayin ya taho a hankali, ya zo daidai mangwaron, ya tsaya yana juyawa wuri ɗaya, inda tiyon ke zuƙar ruwa. Sarkin lambu yana can yana duba gaɓa, bai waiwayo ba tukuna.

"Ƙanena," in ji yayan matata, "ka gama kwashe naka, ko da saura?"

"Da saura, Yaya."

Da wandon Juma'ata na faɗa ruwan. Na tona, na jawo tiyon, taɓo har gemu. Sarkin lambu ya daɗe yana kallona, sannan ya ce tunda hannuna ne ya cire, ba a kama ni ba. Ya sa na saɓa tiyon a wuya na bi su har lambun ƙarshe.

Rabin albasata ta ƙone a ranin nan, amma lambun yana hannuna. Bayan damina biyu kifi ya dawo rafin, har da karfasa. Matata in ta soya sai ta tambaye ni ko in ci, ko kunya za ta hana. Ci nake.