Muryar Yaya a Bakin Mamuda

A Funtua, idan ka ce Mamuda Mahuta ba kowa ne zai gane wanda kake nufi ba. Amma bar shi ya buɗe baki a wurin mai shayi, nan da nan za ka ga ana waiwaye, kowa na tunanin inda ya san muryar. Shi ne mugun attajirin nan na finafinan da ake juyawa zuwa Hausa, shi ne tsohon da ke tallan taki a rediyo, shi ne kuma likitan da ke roƙon iyaye su kai yara rigakafi. A fili kuwa ɗan siriri ne mai kunya, wanda ko cinikin tumatir bai iya ba.

Gidansu a Mahuta gidan noma ne. Yayansa Ayuba shi ya riƙe gonar masara da waken suya bayan rasuwar mahaifinsu. Mamuda dai shi da fartanya ba su taɓa shiri ba. Tun yana ƙarami aikinsa ke nan kwaikwayon mutane: ladan, mai tallan kananzir, har dagaci bai tsira ba, kuma ya sha bulala a kan haka. Da ya ce zai tafi Funtua ya ci abinci da bakinsa, dangi suka ce ya zaɓi shiririta. Ayuba ne kaɗai ya raka shi tasha. Bai ce masa komai ba sai, "Ka riƙe salla."

Ɗakin ɗaukar muryar na wani Maitama ne, a bayan kasuwa. An lulluɓe bangonsa da tsofaffin katifu da kwalin ƙwai, kuma ba a kunna fanka saboda ƙara, sai dai mutum ya yi ta zufa yana soyayya ko yana kisa. A nan Mamuda ya gane cewa abin da yake yi a gida wasa ne. Ya koyi jan numfashi daga ciki ba daga ƙirji ba. Ya koyi matsowa kusa da makirfo idan zai yi raɗa, da ja baya idan zai daka tsawa. Ya bar ruwan sanyi, ya bar gyaɗa da ƙuli-ƙuli ranar aiki, ya koma ruwan ɗumi da citta. Ya gano cewa tsufa ba rawar murya ba ne, ƙarancin numfashi ne, kuma kowane mutum akwai inda muryarsa ke zaune, wani a hanci, wani a maƙogwaro. Abu ɗaya Maitama ba ya yafewa, shi ne shiru. "Idan bakin ɗan wasa ya tsaya kai ma ka tsaya, mai kallo zai ce waya ta lalace," in ji shi. "Ka cike wurin, ko da tari ne."

Ana cikin girbin masara 'yan bindiga suka tafi da Ayuba daga gona. An yi waya da su a farkon lamarin, daga baya layin ya daina shiga. Ba gawa, ba labari.

Mahaifiyarsu, Gwaggo, idanunta sun tafi da daɗewa, ga hawan jini da ya taɓa kayar da ita. Aka haɗa baki aka ce mata Ayuba ya bi motar masara zuwa kudu, ciniki ya riƙe shi. Ta karɓa da farko. Da kwanaki suka yi nisa sai ta rage cin abinci, ta ce ita dai a kira shi ta ji.

Rakiya, matar Ayuba, uwar 'yarsa Firdausi, ita ta zo Funtua da kanta ta sami Mamuda.

"Tsohuwar nan za ta mutu a hannuna," ta ce. "Ko kunu ba ta sha. Kai kaɗai za ka iya yin muryar baban Firdausi."

"Haba Yaya Rakiya. Uwata zan yi wa wasan kwaikwayo?"

"To mi kake so in yi? In gaya mata gaskiya ta faɗi?"

Ransa ya ɓaci, tsoro kuma ya kama shi. Ya ce ta ba shi lokaci.

Ya zauna da tsofaffin saƙonnin murya da Ayuba ya turo masa, yawancinsu a kan taki da ruwan sama. Bai taɓa sauraren yayansa da kunnen sana'a ba sai ranar. Muryar a ƙirji take, mai nauyi, ba ta sauri. Yakan yi gyaran murya kafin ya fara, yakan haɗiye ƙarshen kalma, sannan ya saki numfashi ta hanci. Mamuda ya yi ta maimaitawa har ya kama ta. Da Maitama, wanda ya san Ayuba, ya shigo ya ji, sai ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "Innalillahi," ya juya ya fita.

Ranar Laraba bayan la'asar ya rufe kansa a ɗakin katifun ya kira. Rakiya ta ɗauka, ya ji ta tana cewa, "Gwaggo, ga shi."

Ya yi gyaran murya. "Salamu alaikum. Gwaggo, ina wuni?"

"Lafiya lau," ta ce a hankali.

Sai shiru. Shirun ya yi wa Mamuda tsawo. Shekarun da ya yi a gaban makirfo suka tura shi, ya cike wurin.

"Ya ƙarfin jikin? An ce ba ki cin abinci. Don Allah ki ci, ki sha maganinki. Kullum kina raina, Gwaggo. Ciniki ne ya riƙe ni, na kusa dawowa."

Muryar ba ta goce ko kaɗan ba. Sai da ya rufe baki ya gane ɓarnar da ya yi. Ayuba ɗan fari ne. Tsakaninsa da Gwaggo akwai kunyar da ba ta taɓa barin ta ta faɗi sunansa ba, sai dai ta ce "wancan". Hirarsu ba ta wuce gaisuwa, su yi shiru tare, ta miƙa wa wani wayar. Shirun nan da ya cike, shi ne hirar.

"Mamuda," ta ce.

Ya ƙara manna wayar a kunne.

"Makanta na yi, ba kurumta ba. Wancan bai taɓa jera mani magana haka ba tun da na haife shi." Ta numfasa. "Su ne suka ɗauke shi ko?"

"Su ne, Gwaggo," ya ce da muryarsa, hawaye na zubo masa.

"Yana da rai?"

"Ba mu sani ba."

Ya ji kukan Rakiya daga gefe. Ya ƙanƙame wayar yana jiran ƙarar faɗuwa, yana tsine wa sana'arsa a zuci. Gwaggo ba ta faɗi ba.

"Maido muryar wancan," ta ce. "Kar ka yi mani surutu. In na kira, ka amsa kawai."

Ya share fuska, ya ja numfashi daga ciki, ya saukar da muryar zuwa ƙirji.

"Ayuba," ta ce. Sunan ya fito mata da ƙyar, kamar kalmar wani yare.

"Na'am, Gwaggo."

"Ayuba, ka dawo gida."

Mamuda ya buɗe baki. Ya nemi muryar yayansa, ya nemi tasa, ya rasa wadda zai amsa mata da ita.