Malam Datti da Na'urar Duban Wata

Malam Datti mai katako ba ya bukatar igiyar awo kafin ya gane karkataccen itace. Ido ɗaya zai kanne, ya leƙa tsawon katakon, ya ce a mayar wa mai shi. Duk kasuwar Katako an san shi da wannan ido, amma a unguwarsu ta Dutse Uku da wani abu aka fi saninsa: shekara talatin shi ke hawa dutsen bayan gidansa ya hango jinjirin wata kafin kowa.

Sai idon ya fara cin amanarsa. Bara ya nuna wani ɗan siririn gajimare ya ce wata ne, aka yi ta dariya har ƙofar masallaci. Dariyar nan ba ta bar kunnensa ba. Bana kuwa ya ci alwashin ko ya ga watan azumi da kansa, ko ya daina hawa dutsen har abada.

'Yarsa Salma da ke aiki a Abuja ta aiko masa da na'urar hangen nesa, mai ƙafa uku da rimot, wai da ka danna sunan abu sai ta juya da kanta ta nemo shi. Maƙwabcinsa Hyginus mai gyaran talabijin ya karanta takardar ya ce, "Oga Datti, sai ka fara nuna mata taurari uku masu haske, sannan ta san inda take."

"Ni zan nuna mata? To ita meye aikinta?"

Kwana huɗu suna fama bayan isha'i. Malam Datti ya san Zara, ya san Kaza da 'Ya'yanta, na'ura kuwa ba ta taɓa jin labarinsu ba, sai wasu sunaye masu karya harshe. Ya danna nan ta yi ƙugi ta kalli can. Ya zage ta, ya zagi wanda ya ƙera ta, har Salma sai da ta samu rabonta. A dare na huɗu dai ta saitu.

"Kada kowa ya taɓa ta," in ji Hyginus. "Watan gobe zai faɗi tun taurari ba su fito ba. In ta motsa, babu lokacin sake saiti."

Malam Datti ya zagaye ƙafafunta da alli, ya sauko yana huci kamar wanda ya kayar da bijimin sa. Abu ɗaya ya manta, bai gaya wa matarsa Kubra ba.

Washegari da azahar hadarin farkon damina ya haɗo. Kubra ta hau dutsen kwashe shanya, ta ga na'urar da 'yarta ta aiko a fili, ta rungumo ta zuwa ɗaki. Da hadarin ya watse ta mayar, har da goge ƙura.

Da magariba mutane suka taru. Malam Datti ya danna sunan wata. Na'ura ta yi ƙugi, ta juya a hankali cikin isa, ta tsaya tana kallon tankin ruwan gidan Hyginus. Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya.

Da ya duba ƙasa ya ga ƙafafun sun bar zanen alli, sai ya juya kan Kubra. Abin da ya faɗa mata a gaban jama'a bai dace da mace mai jikoki ba. Ya ce ita ba ta iya ganin abu ta ƙyale, ya ce ta rusa masa wahalar kwana huɗu saboda yayyafin da ko ƙasa bai jiƙa ba. Gaskiya kuwa ba da ita yake fushi ba, shi ma ya sani, kuma sanin ne ya ƙara tunzura shi.

Kubra kuwa ta ɗaga kai. Yamma take kallo. Can ta matso kusa da kafaɗarsa ta yi ƙasa da murya.

"Malam, ga shi can, saman bishiyar mangwaro, ɗan dama kaɗan. Ka nuna musu."

Ya kanne ido ɗaya kamar yadda yake wa katako. Ja-ja kawai yake gani, da duhun bishiya. Ya murza idon ya sake dubawa har hawaye ya cika shi. Babu komai. Ɗaga hannu kawai zai yi, sunansa ya dawo, kuma ya san Kubra ba za ta taɓa tona shi ba.

"Malam Datti, an gani?" wani dattijo ya tambaya.

Malam Datti ya miƙa wa Hyginus rimot ɗin.

"Ni ban gani ba," ya ce. "Ku tambayi Kubra."

Jama'a suka juya wajenta. Shi kuwa ya fara saukowa daga dutsen, yana laluben hanya da ƙafa.