Inabin Tsakar Gidanmu

A tsakar gidanmu da ke Zaitawa akwai itacen inabi da ya girme ni. Ya hau katanga, ya lulluɓe rumfar da muke cin abinci. 'Ya'yansa ƙanana ne, baƙaƙe, fata da kauri, sai sun nuna lilis ake jin zaƙinsu. Tun ina yaro nake jin ana cewa kakanmu ya samo shi daga Gabas. Da na zama babba a gidan, sai na riƙa cewa daga Madina. Ba wanda ya gaya mini haka. Maƙwabta kan aiko a tsinko musu ganye don tabarruki, ni kuwa in bayar ina jin kaina.

A ƙarƙashin rumfar nan mazan gidan ke haɗuwa bayan magariba, kwano ɗaya, kowa da gurbinsa. Wanda ya san gidajen cikin birni ya san ba tuwon ne abin dubawa ba. Duk wanda aka ware wa kwanonsa, an gaya masa magana ba a buɗe baki ba.

Autanmu, wanda na kusa haifa, ya tafi neman arziki ta Agadas, ya shiga Libiya, daga baya muka ji ya haye teku. Ya daɗe. Da ya dawo, yana ba mu labari a bakin kwano, ya ce aikin da ya samu a Italiya tsinkar inabi ne a gonaki. Wani ƙanenmu ya tsokane shi, ya ce inabin ci ko na matsa a yi giya? Bai ɓoye ba, ya ce na matsa ne, amma ko ɗanɗanawa bai taɓa yi ba, yunwa ce ta kai shi. Washegari na ce wa mata su zuba masa nasa daban. Ban tambayi wani malami ba, ban zauna da shi ba. A gaban kowa na ce hannun da ya yi wa giya hidima ba zai shiga kwanona ba.

Ya karɓi kwanonsa, ya koma bakin rijiya. Kullum da safe sai ya durƙusa ya gaishe ni, kamar ba a yi ba.

Wata rana da inabin ya nuna, na tarar da shi yana jujjuya wani nonon inabi a tafinsa.

“Yaya, wannan fa ɗan'uwan wanda na tsinka ne,” in ji shi. “Dubi fatarsa. Inabin ci ba ya yin haka.”

Ya ce tsohon da ya yi wa aiki ya gaya masa su ma ba asalin nasu ba ne. Mutanen Girka na da can ne suka riƙa yawo da rassan a jiragen ruwa, tare da tulunan giyarsu, suna dasawa duk inda suka ci kasuwa. Ya ce ya ga irinsa a tsofaffin gonakin da Italiyawa suka bari a wajen Tarabulus. Na ce ya rufe mini baki, kada ya shafa wa itacen Madina ƙazantarsa.

Amma maganar ta hana ni sukuni. Na taka har Dala wurin Goggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ita kaɗai ta rage da ta san kakanmu. Da na tambaye ta, ta yi dariya har da tari. Ta ce Gabas ɗin da kakanmu ya sani ita ce kasuwar shanu ta Wudil. Wani Balaraben Tarabulus ne da ke fatauci a birni, wanda gidanmu ke kai wa man shanu, ya ba shi reshen, ya ce daga lambun Italiyawa ya yanko shi. Mutane suna ce wa Larabawa mutanen Gabas, shi ke nan.

“Kai kuma ka kai shi Madina ba guzuri,” in ji ta. Sai ta daina dariya, ashe labarin kwanon ya iso mata. “Itacen ka bar shi a inuwa, ɗan'uwanka ka kai shi bakin rijiya?”

A hanyar dawowa na kauce wa duk lungun da zan haɗu da wanda na taɓa ba ganye.

Da yamma na ce wa mata su haɗa tuwon a kwano ɗaya. Bayan salla na kira shi da kaina, na nuna masa gurbinsa. Haƙurin da ya kamata in ba shi a gaban waɗanda na kunyata shi a gabansu, na kasa ba shi. Abin da ya fito kawai shi ne, “Zo ka ci.”

“Na gode, Yaya,” ya ce. “Na riga na ci.”

Tun daga ranar, a Ƙofar Mazugal yake cin abincin dare tare da abokansa. Ba ya fushi, ba ya fashin gaisuwa. Na sake kiran sa ba sau ɗaya ba, kullum kuma ya riga ya ci.