Kujera Ɗaya, Fasinja Biyu

A ɗakin jira na tashar mota akwai wani dogon mutum, siriri kamar ka hura shi ya faɗi, tabarau a karan hanci, jakar kwamfuta a kafaɗa. Daga ganin jan idonsa ka san irin mutanen nan ne da na'ura ta fi matansu jin muryarsu. Kwamfutar tashar ta sayar masa da kujerar da ta rage, ta kuma sayar wa wata tsohuwa ita, ga shi in motar nan ta tashi sai gobe. Shi ne yake tafasa a gaban mai tikiti, jijiyar wuya kamar igiyar shanya.

"Malam, tangarɗar na'ura ce," in ji mai tikiti.

"Tangarɗar me? Ganganci ne! Ƙwaƙwalwa biyu ce a cikinta, kowacce ta leƙa ta ga saura kujera ɗaya, kowacce ta sayar. Dubawa da kamawa a numfashi ɗaya ake yin su, ba a barin kafar da wani zai cusa hannu! Tsaya ka gani."

Ya waiga ya nuna benci. "Ka ga nan ba kowa? To, na duba." Ya juyo ya ɗaga yatsa, ya ƙara zuba wa'azi, sannan ya ja da baya ya zauna. Sai ga shi ɗare-ɗare a cinyar wani ƙaton mahauci da ya zauna a wurin yana cikin wa'azin.

Tsohuwa kuwa tuni ta shige mota. Ta leƙo ta taga ta ce, "Ɗan nan, ni ban duba ba, zama kawai na yi."