Wa Ya Taɓa Ƙarfen Gwadabe?

Gwadabe mutum ne da ko gaisuwa ka yi masa da fara'a sai ya tsaya tunanin me kake nema. Daga Ringim ya zo Kano yana saurayi, ya samu aiki a wani kamfanin roba a Sharada, kuma a gaban injin markaɗa tsoffin bokitai ya ƙare ƙuruciyarsa. Kamfanin yana raba wa ma'aikata abin toshe kunne, amma Gwadabe a aljihu yake jefa nasa. A cewarsa injin nan kiɗa yake yi, kuma sai wawa ne zai toshe kunne ana koya masa kiɗa.

Da wannan kiɗan ya shiga ƙungiyar Ƙofar Baya, shi da abokan aikinsa biyu: Sagir mai jita da waƙa, da Uba mai babbar jitar nan mai kaurin murya. Ba su da ubangida, su ke yin abinsu su saki a waya. Kayan kiɗan Gwadabe kuwa jarkoki ne da rabin duro, sai wani guntun sifirin mota da yake ratayewa da igiya. Wannan ƙarfen shi ne abin alfaharinsa, muryarsa siririya ce, tana ratsa komai.

Albam ɗinsu na farko a ɗakin Sagir suka ɗauke shi a Panshekara, da waya. Ƙarfen Gwadabe ya cika ko'ina, har akuyar maƙwabta ta yi kuka a farkon waƙar farko suka bar ta. Na biyu, Uba ya sayi kwamfuta ya zama mai haɗa sauti, sai Gwadabe ya ji ƙarfensa ya ja baya kamar baƙo. Ya dai ajiye abin a ransa. Da na uku ya fito, 'yan unguwa suka yi ta cewa Ƙofar Baya sun sauya, kiɗansu ya yi nauyi, yana dukan ƙirji. Gwadabe ya saurara ya sake saurara, ƙarfe dai babu shi babu dalilinsa.

Nan fa zargi ya samu wurin zama. Ya lura in ya shigo wurin gwaji sai su Uba su yi shiru. Ya lura sun matsar da kujerarsa jikin babbar sifika, Sagir kuma ya koma tsayawa yana fuskantarsa, yana gyaɗa masa kai da ƙarfi kamar mai koya wa ɗan koyo. Ya gane abin sarai, in ji shi: kwamfuta ba ta gardama, ba ta makara, a hankali za su zare shi su sa kiɗan inji. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don ban da ƙarfen nan babu inda aka san sunansa a Kano.

Matarsa Rakiya ta ce, "Malam, ni fa ina jin ƙarfenka a ciki." Ya dube ta sheƙeƙe, ya ƙara ta cikin waɗanda aka haɗa baki da su.

Sai ya ɗana tarko. Ranar da suke ɗaukar sabuwar waƙa, daidai inda kowa ke yin tsit kafin amshi, ya rafka wa ƙarfen duka da gangan. Ba wanda ya tanka. Da waƙar ta fito ya kunna ta a gida, ya kasa kunne a wurin. Shiru. Ranar Lahadi da la'asar ya ɗauki ƙarfensa ya nufi gidan Uba a Dorayi, ya tarar da Sagir a can, abin da ya ƙara tabbatar masa da komai.

"Uba, ka ji tsoron Allah. Ina ƙarfena?"

"Wane ƙarfe kuma?"

"Wanda na buga ana shiru. Da gangan na yi, don in kama ka. Ka goge shi, kamar yadda ka saba gogewa."

Uba ya dubi Sagir, Sagir ya dubi ƙasa. Uba ya kunna waƙar ya ƙure murya. Da aka zo wurin, Gwadabe ya ga su biyun sun runtse ido tare, wata mata mai wucewa ta ƙofa ma ta waiwayo. Shi kuwa bai ji komai ba.

Sagir ya matso daf da shi, ya yi magana a hankali yana buɗe baki sosai. "Gwadabe, ba a taɓa goge maka ko ɗaya ba. Tun albam na biyu kake kauce wa jitata, in na kira ka ta baya ba ka juyowa. Shi ya sa muka rage siririn sauti muka ƙara mai kauri, don kana jin sa a jikinka. Mun rasa yadda za mu gaya maka ne, ka san halinka."

"Ƙarya ne," in ji Gwadabe. Ya ce a sa masa albam na farko, wanda aka yi kafin kwamfuta, wanda ba hannun da ya taɓa.

Uba ya sa. Gwadabe ya san waƙar kamar sunansa, ya san inda akuya za ta shigo. Ya jira. Ya ga bakin Sagir ya motsa da ɗan murmushi, yadda yake yi duk lokacin da ta yi kuka, sannan jarkoki suka fara.

Ya sa hannu a aljihun rigar aikinsa, ya taɓo abin toshe kunnen, sabo fil a ledarsa.

"Uba," ya ce, "akuyar ta yi?"

"Ta yi, Gwadabe."